DOKIN DA AKA SAKI A DAJI YANA DA MAI SHI

Jawabi domin masu koyon karatu, manoma da makiyaya



Jawabin yau a kan kiwo yake. Labarin wasu makiyaya ne na ƙasar Ingila, can cikin Turai. Dawaki suke kiwo. Ba su ɗaure su a turke, ba su sa musu dabaibayi. Sakin su suke yi cikin daji, dare da rana, shekara ta zagayo. Duk da haka kowane doki an san mai shi. Kuma akwai mutanen da ba su da wani aiki sai duba lafiyar dawakin nan. Aikin nasu ya fi tsanani lokacin ɗari, sa'ad da ciyawa ta ƙare. A saurara da kyau, domin duk mai bisa zai samu abin ƙaruwa a ciki.

INA NE WANNAN DAJI?

Dajin yana kudancin Ingila, kusa da bakin teku. Daga birnin Landan zuwa can wajen kilomita 130 ne. Sunansa Niyu Fores, ma'ana Sabon Daji. Sunan ne kawai sabo. Wani sarki ne mai suna Wiliyam ya kafa shi. Daga Normandi ta ƙasar Faransa ya zo, ya ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066. Wajen shekarar 1079 ya keɓe wannan daji domin farautarsa.

Talakawan wurin sun sha wuya da dokokin sarki. An hana su farauta. An hana su yin shinge. Amma an bar musu abu guda: su saki bisashensu su yi kiwo cikin dajin. A shekarar 1217 aka rubuta wata takarda da ta ƙarfafa haƙƙin talakawa cikin dazuzzukan sarki. Haƙƙin kiwon nan yana nan har yau.

A shekarar 2005 gwamnati ta maida wurin gandun ƙasa. Girmansa kilomita murabba'i 566 ne. Kamar fili ke nan mai tsawon kilomita 24 da faɗin kilomita 24. A cikinsa akwai kurmi, akwai fili mai gajerun itatuwa, akwai fadamu masu laka, akwai garuruwa da hanyoyin mota. Dawakin da ke yawo a ciki sun kai wajen 5,000. Ban da su akwai shanu da jakuna da tumaki kaɗan.

Dawakin gajeru ne, irin wanda Hausawa ke ce wa ƙuru. Tsayinsu daga kofato zuwa doron kafaɗa ba ya wuce santimita 148. Suna da jimiri ƙwarai. In sanyi ya gabato, gashinsu yakan yi kauri kamar bargo.

SU WANE NE MASU DAWAKIN?

Baƙo in ya zo yakan ce dawakin nan na Allah ne, ba su da mai su. Kuskure ne. Kowane ɗaya yana da ubangida. Masu su ƙananan manoma ne da ke zaune cikin dajin ko a gefensa. Sun kai ɗaruruwa.

Haƙƙin kiwo a can yana bin gida da gona. Wanda ke zaune a gona mai wannan haƙƙi, shi ke da ikon sakin bisa. In ya tashi ya bar gonar, ya bar haƙƙin ga wanda ya gaje shi a wurin.

Kafin mutum ya saki doki, sai ya cika sharuɗɗa biyu. Na farko, ya sa masa shaidar wuta. Kowane makiyayi yana da tasa shaida, kuma an rubuta ta cikin littafin hukuma. Na biyu, ya biya kuɗin kiwo na shekara a kan kowace bisa. Kuɗin nan suna cikin abin da ake biyan masu duba dawakin da shi.

Yawancin masu dawakin suna da wata sana'a. Kiwon nan ba ya kawo riba mai yawa. Suna yin sa ne domin gadonsu ne. Kuma in babu bisashen, dajin zai cushe da sarƙaƙiya, tsuntsaye da furanni iri iri su rasa wurin zama.

MAJALISA DA MASU DUBA

Dajin yana da majalisa mai kula da sha'anin kiwo. Dokar shekarar 1877 ce ta ba ta wannan aiki. Yanzu mutum 10 ne a cikinta. Makiyaya ke zaɓen 5. Sauran 5 naɗa su ake yi, kuma shugabansu sarkin Ingila ke naɗa shi. Suna zama a garin Lindhas, tsakiyar dajin, kusan kowane wata. Zaman a buɗe yake. Duk mai kuka yana iya tashi ya faɗi kukansa gaban jama'a.

Majalisar tana da ma'aikata 5 masu duba bisashe. Da Ingilishi ana ce wa irin wannan ma'aikaci Ajista. An raba musu dajin yanki yanki. Kowa ya san nasa yanki kamar yadda ya san tsakar gidansa. Su ma makiyaya ne, sun tashi cikin dawaki tun suna yara. Wani lokaci bisa doki suke zagaya, wani lokaci cikin mota, wani lokaci a ƙasa. Ana iya kiran su kowane lokaci, ko da tsakar dare ne.

Abin da ke sauƙaƙa musu aiki shi ne halin dawakin. Ko da yake daji a buɗe yake, goɗiya ba ta yin nisa da inda ta saba. Tana da mashayarta, da inuwarta, da inda take fakewa in iska ta taso. Takan yi yawo da ɗiyanta da jikokinta, ƙaramin garke. Saboda haka mai duba ya san inda zai iske kowace. In ya je bai gan ta ba, ya san akwai dalili.

SHIRI TUN KAKA

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen nan ma tun kafin ɗari suke shiri.

Daga watan Agusta zuwa Nuwamba ana yin kora. Makiyaya su hau dawakinsu na hawa, su koro na daji zuwa cikin shingen katako. Yanki yanki ake yi, wajen sau 40 a shekara. In an tara su, sai a duba kowane ɗaya. A ba su maganin tsutsar ciki. A sa wa duƙushi shaidar mai shi. Mai duba ya yanke gashin wutsiyar kowane doki. Kowane mai duba yana da irin nasa yankan. Wanda ya ga wutsiyar doki daga nesa ya san yankin da ya fito.

A nan ne mai doki yake yanke shawara. Tsohuwar goɗiya wadda haƙoranta suka lalace, ya kai ta gida. Duƙushin da ya isa yaye, ya raba shi da uwarsa. Waɗanda suka yi masa yawa, ya kai su kasuwa. Akwai kasuwar dawaki cikin dajin, tana ci ƴan lokuta a shekara.

Akwai wata dabara kuma. Ba a barin ingarma cikin daji kullum. Ana zaɓen ƴan kaɗan masu kyan iri, a sake su makonni kaɗan wajen watan Mayu da Yuni, sa'an nan a maida su gida. Cikin goɗiya wata 11 ne. Ke nan haihuwa za ta faɗo daidai lokacin da sabuwar ciyawa ta fito. Kuma ba a samun ɗiyan da suka fi ƙarfin daji da kasuwa.

Cikin kaka akwai wani haɗari. Dajin yana da manyan itatuwa da ake ce wa ok. Ɗiyan iccen nan, in suka zuba ɗanyu, guba ne ga doki da saniya. In bisa ta ci da yawa, ƙodarta takan lalace, ta mutu. Amma ba su cutar da alade. Don haka ake sakin aladu ɗaruruwa su cinye su. Doka ta ce a bar su aƙalla kwana 60. In itatuwan sun yi ɗiya da yawa, a ƙara musu kwanaki.

ƊARI YA SHIGO

Ɗarin Ingila daban yake da hunturun Nijar. A Nijar iska ce busasshiya da ƙura. A can ruwan sama ne mai sanyi, da taɓo, da hazo. Wasu ranaku ruwan tabki yakan daskare ya zama ƙanƙara. Cikin watan Disamba rana takan yi wajen awa 8 kawai a sama. Ƙarfe 4 na maraice duhu ya soma.

In sanyi ya yi yawa, ciyawa ba ta tsiro. Wadda ta rage ba ta da ƙarfi. Masu shanu da yawa sukan maida su gida su ba su ingirici. Dawakin kuwa yawancinsu suna nan cikin daji.

To me suke ci? Akwai wani ɗan icce mai ƙaya da fure rawaya, ana ce masa gos. Ganyensa ba ya bushewa da ɗari. Dokin daji ya iya cin sa a hankali, kamar yadda raƙumi ke cin ƙaya. Wasu har gashin baki mai kauri suke fitarwa, yana tsare musu leɓe. Iccen nan abinci ne, kuma mafaka ce daga iska. Akwai wani kuma mai suna holi, shi ma ganyensa ƙaya gare shi. Ma'aikatan daji sukan sassare rassansa na sama su zubar ƙasa domin dawaki su samu. Ba su sare gindin. Iccen yakan sake toho.

Lokacin da ya fi wuya shi ne ƙarshen ɗari, daga Fabrairu zuwa farkon Afrilu. Kitsen da doki ya tara ya ƙare. Sabuwar ciyawa ba ta fito ba tukuna. Goɗiyoyi kuma cikinsu ya tsufa. Makiyayin Nijar ya san irin wannan lokaci. Bazara ke nan, sa'ad da hadari ke haɗuwa yana watsewa, saniya kuwa ta kwanta sai an ɗaga ta.

ME MAI DUBA YAKE DUBAWA?

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ga abubuwan da mai duba yake lura da su.

Na ɗaya, jiki. Gashin ɗari yana ruɗi. Doki yana iya ramewa ƙarƙashin gashinsa ba a gani ba. Saboda haka ba ya tsayawa daga nesa. Yakan matsa ya dubi wuya, ya dubi gadon baya, ya dubi ƙugu da gindin wutsiya. In ƙashin ƙugu ya fito, in wuya ya shanye, dokin ya soma cin jikinsa. Babban ciki ba shaidar ƙoshi ba ce. Yana iya zama tsutsa.

Na biyu, tafiya. Dokin da ke ɗingishi ba ya iya bin abinci. Kwana kaɗan sai ya rame.

Na uku, zama cikin ƴan uwa. Dokin da ya ware shi kaɗai, ya sunkuyar da kai, kunnuwa sun faɗi, ba ya kiwo, wannan ba shi da lafiya.

Na huɗu, hanci da ido da kashi. Majina mai kauri da kumburi ƙarƙashin muƙamuƙi alamar wata cuta ce mai yaɗuwa. Gudawa kuma takan ɓata wutsiya, ana ganin ta daga nesa.

Na biyar, wurin kansa. Ko akwai ramin laka da bisa za ta maƙale? Ko shinge ya karye? Ko wani ya zubar da abin da zai cutar?

In ya ga dokin da ya gaza, sai ya karanta shaidar da ke jikinsa, ya kira mai shi. Yana da ikon ya ce a fitar da dokin daga daji. Wanda ya ƙi, ya karya doka, kuma ana iya gurfanar da shi. Ban da wannan, sau biyu a shekara majalisa takan gayyato likitocin dabbobi da ƙungiyoyi masu kare bisashe. Su zagaya tare, su gani da idonsu.

MISALIN WATA GOƊIYA

A ɗauki misali, domin a gane yadda abin yake tafiya.

Cikin watan Janairu ne. An kwana ana ruwa. Mai duba ya fito da sassafe ya nufi wani kwari inda goɗiyoyi huɗu suka saba kwana. Ya iske uku suna cin ƙaya. Ta huɗu tana can gefe, ta juya wa iska baya. Duƙushinta na bara yana tsotson ta. Ranar kora ba a kama ta ba, ta ɓuya cikin kurmi, don haka ba a yaye shi ba. Ga shi kuma tana da wani ciki. Bisa guda tana ciyar da rai uku.

Ruwa ya kwantar da gashinta. Mai duba ya ƙirga haƙarƙarinta daga inda yake tsaye. Ya dubi shaidar. Ta wani dattijo ce, abokin mahaifinsa. Ya tafi gidansa.

Bayan sun gaisa ya ce: "Baba, na ga jar goɗiyarka a kwari. Ta faɗa ƙwarai. Sai a kawo ta gida cikin makon nan."

Dattijo ya ce: "Haba yaro. Goɗiyar nan ta ga ɗari goma sha biyu. Uwarta ma a kwarin nan ta tsufa. Ingirici ya yi tsada bana. Ƴar gonar tawa duk ta zama taɓo. A bar ta, ciyawa ta kusa."

Mai duba ya ce: "Baba, ciyawa da sauran wata biyu ko uku. Yau tana iya zuwa gida da ƙafarta. In aka ƙara mako uku, sai dai a ɗauko ta. In ta faɗi, an yi hasarar ta, an yi hasarar na cikinta."

Dattijo ya yi shiru. Maganar ta yi masa zafi, domin yaron a gabansa aka haife shi. Shi ma mai duba bai ji daɗi ba. Amma in ya kau da kai saboda kunya, gobe ba shi da bakin yi wa wani magana.

Kwana biyu bayan haka maƙwabta suka hau suka taya dattijo. Aka koro goɗiyar da ɗanta. Aka raba su. Ba a cika mata abinci gaba ɗaya ba, domin cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar abinci mai nauyi farat ɗaya. Aka soma da ingirici kaɗan kaɗan, da ruwa mai tsabta, da maganin tsutsa. Sai da mai duba ya sake ganin ta ya yarda, sa'an nan aka maida ta daji.

Dattijo ya kashe kuɗi. Amma goɗiyarsa tana nan da ranta.

Wannan ya nuna amfanin ƴar gona a bayan gida. Mai sakin doki dole ya tanadi inda zai kai shi in ya gaza. Yau wannan ita ce babbar damuwar matasan wurin. Masu kuɗi daga birane suna sayen gidaje da filaye. Ƙasa ta yi tsada. Saurayin da ke son ya gaji kiwon ubansa yakan rasa inda zai ajiye bisa.

HANYAR MOTA

Ba yunwa kaɗai ke kashe dawakin nan ba. Mota ma tana kashe su. Daga shekarar 1964 aka soma yi wa manyan hanyoyi shinge. A bakin dajin kuma aka shimfiɗa ƙarafa bisa rami, mota ta wuce, bisa ta kasa takawa. Amma ƙananan hanyoyi na cikin daji ba su da shinge. Doki yana iya fitowa kowane lokaci. A shekarar 1990 aka sa doka: kada mota ta wuce gudun mil 40 a awa, wato wajen kilomita 64.

Duk da haka kowace shekara ana kashe bisashe gommai. Abin ya fi yawa cikin watannin duhu, lokacin da ma'aikata ke komawa gida bayan rana ta faɗi. Ga wani dalili kuma. Da ɗari ana watsa gishiri bisa kwalta domin kada ƙanƙara ta kama. Dawaki suna son gishiri kamar yadda shanu ke son kanwa. Sai su hau hanya suna lasa.

Makiyaya da yawa suna sa wa dawakinsu abin wuya mai ƙyalli. In fitilar mota ta haska shi, direba ya gani daga nesa. Doka kuma ta ce wanda ya buge bisa ya sanar da ƴan sanda. Wasu sukan gudu su bar ta da karaya har gari ya waye. Mai duba ne ake tasa cikin dare. In raunin ba ya warkuwa, shi ne zai hutar da ita. Sa'an nan ya je ya gaya wa mai ita. Wannan shi ne mafi ɗacin aikinsa.

KYAUTAR DA KE KASHEWA

Miliyoyin baƙi suna zuwa yawon buɗe ido cikin dajin nan. Wasu in sun ga doki cikin sanyi sai tausayi ya kama su. Su ba shi burodi, ko karas, ko su zubar masa da ciyawar da injin ya yanka a gida. Suna tsammani alheri suke yi. Alhali yankakkiyar ciyawar nan takan yi tsami cikin cikinsa, ta sa masa ciwon ciki mai kisa. Kuma dokin da ya saba karɓar abinci a hannun mutane yakan tare bakin hanya yana jiran motoci. Yakan koyi cizo da harbi.

An yi ta gargaɗi shekara da shekaru. Daga watan Yuli na shekarar 2023 abin ya zama doka. Wanda ya ciyar da doki ko ya shafa shi, ana iya cin sa tarar fam 100. Wannan ya haura jika 70 na kuɗin sefa. In maganar ta kai kotu, tarar tana iya kai fam 1,000. Abin da ake so ga baƙo shi ne, in ya ga bisa cikin wahala, ya lura da wurin da kamanninta, ya kira masu duba.

ME MAKIYAYIN NIJAR ZAI ƊAUKA?

Ingila daban, Nijar daban. A can ruwa ya yi yawa, a nan ruwa ne ke ƙaranci. Dajinsu ɗan ƙarami ne, makiyayin Nijar kuwa yana tafiyar ɗaruruwan kilomita. Ba duk abin da suke yi ne zai dace a nan ba. Ga misali, ma'aikatansu sukan ƙona ƴan wurare kaɗan da ɗari domin sabon toho ya fito. Ƙasarsu jiƙaƙƙiya ce. A Nijar wutar daji masifa ce, tana cinye abincin bisashe na shekara guda cikin wuni ɗaya.

Amma akwai inda aka haɗu. A nan ma, in an gama girbi hukuma ta sa ranar sakin gonaki, garuruwa da yawa sukan saki jakuna da awaki da tumaki su yi ta yawo. A nan ma akwai shaidar wuta a jikin raƙuma da shanu. A nan ma akwai doka: tsarin dokokin karkara na shekarar 1993, da dokar kiwo ta shekarar 2010, masu tsare burtali da mashaya da filayen kiwo. Akwai kwamitocin kula da filaye. Akwai masu gari da arɗo-arɗo da ma'aikatan kiwo.

Ga abu huɗu da suka cancanci a yi tunani a kansu.

Na farko, bisar da aka saki tana bukatar ido. Jakin da ya yi aiki duk damina, bai kamata a manta da shi duk rani ba, sai ranar da za a ɗauko ruwa a tuna da shi. Mai shi ya gan shi a kai a kai. Ya dubi bayansa, ya dubi kofatonsa.

Na biyu, a yanke shawara tun bisa tana da nama. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. Mutane da yawa sun riƙe shanunsu suna jiran ruwa, har shanun suka zama ba mai saye. Saniyar da aka sayar cikin kaka tana sayen dusa da harawar da za su ceci sauran.

Na uku, a tanadi abincin bazara tun kaka. Harawar wake da ta gyaɗa, da karan dawa, da ciyawa, a ɗora su bisa rumfa inda gara da rana ba su ɓata su. A fara ba masu ciki da masu shayarwa.

Na huɗu, ido ɗaya ba ya isa. Mai bisa yakan ruɗi kansa, domin yana son abinsa kuma yana tsoron kashe kuɗi. Gari yana iya zaɓen mutum ɗaya ko biyu masu sanin bisashe, masu gaskiya. Su riƙa zagayawa. In sun ga mai ciwo su gaya wa mai ita, su sanar da ma'aikacin kiwo tun cutar ba ta yaɗu ba. In kuwa sun faɗi gaskiya, kada a ɗauke ta gaba. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DOMIN MAHAWARA

1. A wane wata ne bisashe suka fi mutuwa a garinku? Mene ne dalili?

2. Wa ke duba bisashen da aka saki da rani?

3. In maƙwabci ya ce wa mutum saniyarsa ta rame, a sayar ko a kawo ta gida, yaya ya kamata ya amsa?

4. Garuruwan da ke bakin kwalta, wace dabara za su yi domin rage bisashen da motoci ke kashewa?

A tattauna a kan waɗannan tambayoyi a wurin karatu. Wanda ya iya rubutu ya rubuta amsar jama'a, a aiko wa jarida.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya tsare bisashe daga cuta da yunwa. Amin. Wassalamu alaikum.